Abincin da Na Je Karɓowa Aziziyya

Lahadi, bayan Azahar

Yau ma ban je sito ba. Na ce wa kafili, ubangidan da takarduna suke hannunsa, bayana ne ya riƙe, ya ce salamat, ya ce bayan nan nawa ya fi ma'aikatan gwamnati samun hutu. Na yi dariya, don shi ne kafili.

Gidan shiru. Na'urar sanyaya ɗaki kaɗai ke magana, ita ma maganarta ɗaya ce tun safe. Rabi'a, uwar gidan, tana kicin tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Surayya tana ɗakinta. Ita kaɗai Allah ya bar mana, shekararta ashirin da uku, haihuwar nan unguwar Hindawiyya ta Jidda. Tana jin Hausa kamar ni, amma in ta buɗe baki sai ka rantse Hausar ta faɗa teku an tsamo ta. Tun ranar da ta dawo daga wurin aiki ba jaka ba waya, uwarta ta wuce da ita asibiti, ban ƙara ganin fuskarta ba.

Na tsaya a ƙofarta na ce, “Ranki ya daɗe, bawanki Badaru ne, mai digirin aji huɗu, yana neman iso.” A da, in na faɗi haka, matashin kai ne ke fara fitowa kafin ita. Yau ba motsi. Can sai na ji makulli ya ƙara juyawa.

Litinin, hantsi

Ban ga Surayya ba.

Talata, bayan La'asar

Mun koma asibiti. Ta fito a lulluɓe har ido, ita da take cewa niƙabi na hana ta shan askirim. Ta zauna bayan mota a gefen da madubina ba ya kaiwa. Ban san ta san wannan gefen ba.

Likitar mace ce, Duktura Rim, ba ta girmi Surayya da yawa ba. Bayan sun gama ta kira ni baranda, ta faɗi sunan abin da Larabci, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Na san Hausarsa. Ba zan rubuta ko ɗaya ba. Ta ce maganar mutumin tana hannun hukuma, in bar ta a can. Ta ce kar in tambayi yarinya wane ne, kar in tambaye ta yaya aka yi. Na ce to. Ni da ma ƙofa nake tambaya, ƙofa kuwa ba ta faɗa.

Sai ta ce, “Ya ammi, kai ma kana da bukata. Akwai majmu'at ɗa'am a unguwar Aziziyya, ta iyaye da mazaje.”

Larabcina na bakin tashar jirgin ruwa ne, na ɗaga, sauke, yalla, halas. Amma ɗa'am tun a makarantar allo na san shi: abinci. Ƙungiyar rabon abinci ke nan. Ta dubi baƙar fatata, ta dubi silifas ɗina, ta hango yunwa. Na gyara tsayuwa na ce, “Alhamdu lillahi ya duktura, shinkafa buhu guda ce a gidana. Ban taɓa bin layi ba.” Ta tsaya tana kallona kamar da Hausa na yi mata. Ta ce in na sake shawara in buga wa asibiti.

Ko ba komai na ƙwaci mutuncin gidana a baranda.

Laraba, Magariba

Na je aiki. Ina kan motar ɗaga kaya na ɗauki kwalaye na kai su inda na ɗauko su. Ba wanda ya lura.

Da na dawo Rabi'a ta ce, “Malam, ta fito yau. Ta sha shayi, ta zauna a falo.” Na ce yaushe. Ta ce, “Kana fita.” Na ce yaushe ta koma. Ta ce, “Da ta ji ƙarar makullinka a ƙasa.”

Na zauna a kujera. Matashin da ɗuminsa. Kofi yana kan tebur da sauran shayi, yana ɗan hayaƙi. Kujerar roba ta matsa kusa da taga, an ɗage labule kamar faɗin yatsa. Na leƙa ta wurin. Lungu ne kawai, da kyanwa a kan juji, da rana tana mutuwa a bangon maƙwabta.

A gidan nan ɗayanmu fatalwa ne. Na ɗauka ita ce. Yanzu ina ganin ni ne.

Alhamis, da walaha

Na yi wayo irin na mai aji huɗu. Na sa takalmi, na ce “Sai na dawo” da ƙarfi, na buga ƙofa, amma ina ciki. Na tsaya jikin bango ina riƙe numfashi kamar ɓarawon da ya zo satar kayansa.

Gida ya yi tsit. Sai makulli. Sai ƙofa. Sai takun ƙafa ba takalmi a kan tayil, a hankali, yana tahowa. Ya tsaya daf da kwanar falo. Ina ganin inuwarta a ƙasa, doguwa, siririya, ban san inuwar ba. Muka tsaya haka, ni da inuwar. Turarena ta ji, ina zato. Inuwar ta ja da baya kamar ana naɗe tabarma. Daga nan sai ruwan banɗaki, yana zuba, yana zuba, har tankin sama ya fara tari.

Rabi'a ta fito da hannu jiƙe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malam, kar ka sake.” Na ce fuskarta kawai nake son gani. Ta ce, “Ba kai take gudu ba. Takun namiji ne, da muryar namiji.” Na ce to ni yanzu in cire wanne, ƙafar ko maƙogwaron? Ba ta yi dariya ba. Ni ma.

Juma'a, bayan an sauko

A masallaci na haɗu da Usuman tela, abokin tsokanata. Shekara da shekaru ba mu rabuwa sai ya ce, “Abu Surayya, yaushe za ka biya ni wandon da ka fi ƙarfinsa?” ni kuma in ce ɗinkinsa ne ya tsuke. Yau bai ce komai ba. Ya riƙe hannuna ya daɗe, yana kallon maɓallin rigata. Da ya saki sai ya ce, “Allah ya sa mu dace,” ya wuce.

Ya sani ke nan? Duk lungun nan sun yi mini ladabi da yawa. Mai baƙala, ɗan kantin lungunmu, ya ƙi karɓar kuɗin burodi. Ban so ba.

Na dawo na tarar da Yaya Hindatu, yayar Rabi'a, da ta zo umra daga Kano. Jirginta ƙarshen mako mai zuwa. Ta ce a ba ta yarinya ta tafi da ita. “Can ba wanda ya san ta, Badaru. Nan kuwa bango ma Hausa yake ji. Ta huta, a yi mata addu'a, in Allah ya kawo miji a rufa asiri.” Rabi'a tana kallon ƙasa, na gane sun riga sun gama.

Iƙamar Surayya, takardar izinin zamanta, a kan tawa take. In aka buga mata hatimin fitar ƙarshe, ba dawowa. Kano kuwa a waya kawai ta san ta. Ni kuma ba ranar da zan bar sito in bi ta. Watau za a wuce da ita ta falon nan a lulluɓe, a sa ta jirgi, abin da zan tuna da shi inuwa ce a kan tayil.

Na ce wa Yaya Hindatu zan yi tunani. Ta ce, “Yau kuma?” A wannan ta ci ni.

Asabar, Azahar

Tiren abincin Surayya ya dawo yadda ya shiga.

Asabar, Magariba

Haka.

Lahadi, bayan La'asar

Na kwana ina juya maganar Duktura Rim. Ƙila ba sadaka take nufi ba. Ƙila wani abinci ne na musamman da likitoci ke bayarwa ga wanda abin ya same shi, mai buɗe ciki, shi ya sa iyaye da mazaje ke zuwa karɓa. Ni kuma na tsaya ina mata alfahari da buhun shinkafa.

Na ɗauki waya na danna wurin magana na ce mata, “Majmu'at ɗa'am, Jidda.” Ta kawo mini gidajen mandi, shinkafa da nama. Na sake, a hankali, da ƙira'a. Ta kawo mini shinkafar bukhari da kaza rabi, har da rangwame. Na ce mata na iyaye da mazaje. Ta ce akwai sashen iyali a bene na sama.

Ƙarshe na buga asibiti. Wata murya ta ba ni kwatance: Aziziyya, bayan wani kantin tabarau, hawa na uku, ranar Talata bayan La'asar. Na ce in zo da mazubi? Ta ce, “Ka zo kawai.”

Litinin, hantsi

Yaya Hindatu ta kawo akwati. Ta ajiye shi a ƙofar ɗakin Surayya, a buɗe, ba komai ciki. Duk wanda zai wuce sai ya tsallake shi.

Talata, bayan Isha

Na je. Na ɗauki babbar kular Rabi'a, mai hawa biyu, na ce mata saƙo zan karɓo.

Ginin kamar an kwashe mutanensa jiya. Ba mai gadi, kujerarsa kawai da butar shayi. Lif ɗin duk madubi ne, na hau tare da Badaru huɗu, kowa da kularsa, ba wanda ya yi wa wani sallama. Hawa na uku dogon lungu ne, fitila ɗaya tana ƙifta ido, ƙofofi a rufe ba suna. Na yi ta shinshina ko zan ji albasa. Maganin goge ƙasa kawai nake ji. A can ƙarshe na ga takalma a jere, duk na maza.

Ɗaki ne da kujeru a zagaye, tsakiya ba komai sai ƙaramin tebur da ruwa da dabino da kwalin tishu. Mutum bakwai ko takwas. Balarabe mai agogon da ya fi albashina, wani ɗan Masar da kayan aiki a jikinsa, wani saurayi da ya dunƙule hannu kamar ya kama ƙuda. Ba wanda ya ɗago. Na zauna na ɗora kula a cinya.

Wani dattijo mai farin gemu ya ce shi ne Abdulelah, shi ke riƙe da zaman. Ya ce a nan ana kiran mutum da sunan da ya ga dama, amma ba a cewa Abu wane. Ban gane ba sai daga baya. A garin nan kowa Abu wani ne. In aka kira ni Abu Surayya a ɗakin nan, an faɗi sunanta ke nan. Duk maza ne da aka cire wa 'ya'yansu daga suna aka ajiye a waje tare da takalma.

Na jira a fara rabo. Ɗan Masar ya fara magana. Ya ce matarsa ba ta yarda ya tsaya a bayanta, ko a layin kanti. Balaraben ya ce 'yarsa tana fitowa ne kawai in ya bar gida, in ya dawo sai ya tarar da ɗumin kujera. Muryarsa ce, amma falona yake faɗa, har da labulen. Na duba ko ya taɓa zuwa Hindawiyya. Bai yi kama da wanda ya taɓa ba.

Da aka zo kaina sai na ɗaga kula na ce, “Ya shaikh, afuwan, ina ɗa'am ɗin?”

Abdulelah ya dubi kula, ya dube ni. Sai wani da ke can lungu, wanda ya rufe rabin fuskarsa da rawani tun shigowata, ya fara wani irin tari. Tarin ya zama dariya. Na san dariyar nan ko a kabari. Ya sauke rawanin ya ce da Hausa, “Badaru, kai kula ka kawo? Ni ranar farko buhu na zo da shi.”

Usuman tela.

Abdulelah ya yi mini bayani a hankali. Ba ɗa'am ba ne, da'am ne, da dalun. Abin da ake sa wa bango in ya fara rinjaya. Zama ne na iyaye da mazaje da 'yan'uwan waɗanda aka keta wa haddi, don kar su ma su rushe a kan wanda suke son tarewa. Na ce wa Usuman, “Tokari ke nan.” Ya ce, “Shi. Ɗan Takari ya zo neman tokari.” Aka nemi a fassara, muka fassara, ba ta fassaru ba, amma saurayin nan ya buɗe hannunsa.

Ban san lokacin da na fara ba. Na faɗi ƙofa, na faɗi inuwa, na faɗi akwati. Ban faɗi abin ba, ba wanda ya nema. Da na gama Abdulelah ya ce, “Tafiyar nan, kun tambaye ta?” Na ce ai ba ta magana. Ya ce, “Ba wannan na tambaya ba.” Ya ce an riga an yi mata abu ɗaya ba da yardarta ba.

Tishun nan ba na ado ba ne.

Laraba, da walaha

Jiya tare muka dawo da Usuman, kula tana tsakaninmu a mota kamar amarya. Nasa ba na bana ba ne. Matarsa ce, abin ya faru tun kafin ya san ta, sai da suka yi jikoki ta faɗa masa. Ya ce ranar Juma'a bai san komai ba, fuskata kawai ya gani, ya gane ta, don ya taɓa sa irinta.

Na ce to ni yanzu yaya zan yi. Ya ce, “Ka juya mata baya.”

Na ce, “Usuman, in juya wa 'yata baya? Zamanku ke nan abin da ya koya maka?”

Ya ce, “Kai dai aji huɗun nan ma saya ka yi. Bayanka na jiki. Ka zauna a ƙasa, ka ba ƙofarta baya, ka sa hannunka a wani aiki da za ta riƙa jin ƙararsa, don ta san inda kake. Kar ka ɓuya, kar ka yi barkwanci.” Na ce ka ce in mutu kawai. Ya ce, “Ka gwada, unguwa ma ta huta.”

Na faɗa wa Rabi'a akwai na mata ranar Lahadi. Ta ce me ake yi a can. Na ce ba a cin komai, kar ta wahalar da kula.

Laraba, bayan La'asar

Na ɗauke akwatin na kai bayan firij. Na tsaya nesa da ƙofa na ce, “Surayya, Baba ne. Ana maganar ki bi Yaya Hindatu Kano. In kina so, za ki tafi. In ba kya so, ba mai taɓa iƙamarki. Ke za ki faɗa.” Bakina ya kawo wata magana mai daɗi a kan sauron Kano, na haɗiye ta. Har yanzu tana nan a wuyana.

Ba amsa. Makulli bai ƙara juyawa ba dai.

Alhamis, Azahar

Na zauna a ƙasa a falo, bayana ga lungun ɗakuna, ina ɓare tafarnuwa a faranti na ƙarfe. Na ɓare wadda za ta ishi gidan mandi. Talabijin a kashe a gabana, baƙi, ina ganin wani tsoho a ciki yana ɓare tasa.

Yaya Hindatu ta zo ta ce gobe za a rufe maganar tikiti. Ta ce, “Shiru ai yarda ce.” Na ce ba a gidan nan ba. Ta dubi tafarnuwa, ta dubi ƙanwarta, ta ce Allah ya ba ni lafiya.

Alhamis, Magariba

Ba ta fito ba. Yatsuna suna zafi.

Juma'a, bayan La'asar

Tafarnuwa ta ƙare, na koma tsince wake. Rabi'a ta tafi raka Yaya Hindatu kasuwa, don haka daga ni sai na'urar sanyi. Rana ta kwanta a labule. Ina jefa tsakuwa a faranti ɗaya bayan ɗaya, tana ƙara.

Makulli. Ban daina ba. Ƙofa. Taku. Ya zo kwana ya tsaya, inda ya tsaya ran nan. Na ci gaba da wake, na ma fara jefa mai kyau a cikin tsakuwa. A baƙin gilashin talabijin wani abu ya shigo ta bayan tsohon nan, dogo, ba fuska, sai ya naɗe ya zama ƙarami. Ta zauna a ƙasa. Ba ta taɓa ni ba, amma ina jin ɗumin mutum a bayana.

“Baba.”

“Na'am.”

“Kar ka juya.”

“Ban juya ba.”

Na ji ana kiran wani yaro a lungu. Sai ta ce, da Hausarta ta bakin teku, “Ni ma abgha Kano. Ba na so. Ni nan gida.”

Na ce, “Halas. Kina nan.”

“Khala Hindatu za ta yi fushi.”

“Da ma da shi ta zo, da shi za ta koma.”

Wani ɗan sauti ya fito mata ta hanci. Ban ce dariya ba ce, ban isa in ce ba. Ta ce, “Wallah Baba, gidan kullu warin tafarnuwa.” Na ce umarnin likita ne. Ta ɗan ƙara zama. Hannu ya zo ta gefena, siriri, ya ja farantin, ya tsame waken da na zubar cikin tsakuwa, ya turo mini. Daga nan ta tashi. Ƙofa ta rufu. Na kasa kunne, ban ji makulli ba.

Ban ga fuskarta ba. Na buga wa Yaya Hindatu na ce kujera ɗaya za ta saya. Wuyana ya sanƙare, da Rabi'a ta dawo ta ce in juyo ta shafa mini man zafi, na ce ta zagayo ta gaba.